Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abinci, Kwaɗayi da Jarabar Ci

Mutanenmu da dama yanzu suna tafiya Masar, Indiya, Turkiyya ko Dubai a yi musu tiyatar rage ƙiba, wasu kuma a manyan asibitocin kuɗi na cikin gida ake yi musu. Aikin kansa awa ɗaya ne zuwa uku. Wahalar tana farawa ne ranar da aka dawo gida da takardar abinci wadda babu tuwo, babu kunu, babu alale a cikinta, ga 'yan uwa sun cika ɗaki da kwanukan dubiya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi. Abin da likitan da ya yi maka aiki ya gaya maka shi ne gaba da duk abin da za ka karanta a nan, domin shi ya san yadda ya bar cikinka.

Me aka yi wa cikina ne, da har loma huɗu take cika ni?

Ya danganta da irin aikin. Wanda aka fi yi a duniya yanzu shi ne wanda likitoci ke kira silib. A nan ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi gaba ɗaya, a bar wani siriri mai kama da ayaba. Na biyu shi ne baifas, wanda wani likitan Amurka mai suna Edward Mason ya fara yi a Iowa a 1966. Shi kuma ana ware ɗan aljihu ne daga saman tumbi, girmansa bai wuce ƙwai ba, a jona shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin.

Ƙanƙantar wurin rabin labarin ne. Ɓangaren tumbin da ake cirewa a silib shi ne ya fi samar da wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, kuma shi ne ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Bayan aiki kuma hanji yakan ƙara fitar da sinadaran da ke sanar da ƙoshi. Shi ya sa a watannin farko za ka ga mutum ya wuni bai tuna da abinci ba, wani ma ƙamshin soyayyen nama da yake so a da ya koma tayar masa da zuciya.

Me zan ci a makonnin farko?

Kowane asibiti da tsarinsa, amma yawanci hawa huɗu ne. Kamar mako biyu na farko ruwa-ruwa zalla: romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe mai, madara marar kitse, kindirmo marar sukari da aka dama ya tsinke, madarar waken suya. Mako biyu na gaba a koma abin da aka markaɗa ya yi santsi, wanda ba ya buƙatar tauna: wake da aka surfe aka dafa ya yi luguf aka niƙa, kabewa, kifi da aka markaɗa da romonsa. Daga nan sai mai laushi wanda cokali ke iya farfasawa, kamar alale, dafaffen ƙwai, awara dafaffiya, faten wake. Wajen mako na shida zuwa na takwas ake fara taɓa abincin gida.

Kada a yi gaggawar tsallake hawa. Akwai ɗinki na ƙarfe a jikin tumbin nan, kuma yana buƙatar makonni kafin ya kama. Wanda ya ci tsire a mako na biyu saboda yana jin garau, yana iya jawo wa kansa amai mai tsanani, ko ma ɗinkin ya yi yoyo, wanda babban haɗari ne ga rai.

Maganar koko da kunu: masu dubiya za su kawo, kuma da kyakkyawar niyya. Suna shiga cikin sauƙi, amma kusan sitaci ne zalla, in an zuba sukari kuma sai abin ya ƙara lalacewa. In za a sha, a dama shi tsararo, a zuba madara, a bar sukari, kuma kada ya zama shi ne abincin yini.

Yaushe zan koma cin tuwo da shinkafa?

Za ka koma, amma ba yadda ka saba ba. Tuwo, sakwara, teba, taliya, burodi mai laushi da shinkafa su ne suka fi ba masu wannan tiyata wahala, domin suna curewa su tokare a ƙirji. Tuwo kuma mun saba haɗiye shi ne da santsin miya ba tare da tauna ba. Wannan sabon shi ne na farko da za a bari. Duk lomar da za ta shiga, ta zama ƙarama kamar kan babban yatsa, a tauna ta sau ashirin ko fiye, a ajiye cokali a ɗan dakata kafin ta gaba. In minti ashirin zuwa talatin suka wuce, a ture kwanon ko da saura.

Sannan tsarin kwano ya juye. A da tuwo ne uban tafiya, miya da nama 'yan rakiya. Yanzu nama, kifi, ƙwai ko wake ake fara ci, sai ganye, in wuri ya rage a sa loma biyu ko uku ta tuwo. Miyar kuka, kuɓewa, taushe da zogale duk suna da kyau, matuƙar ba a malala musu mai ba.

Ka koyi gane ƙoshinka na yanzu, don ba ya kama da na da. Wani nauyi yake ji a ƙahon zuciya, wani shaƙuwa ke kama shi, wani gyatsa, wani ma hancinsa ne ke fara yoyo. Da zarar alamar ta zo, an gama. Loma ɗaya bayanta ita ce ke zama amai.

Kullum ana ce mini furotin, furotin. Nawa ake bukata, kuma a ina zan same shi?

Furotin shi ne sinadarin gina jiki da ke cikin nama, kifi, ƙwai, madara da wake. Ana bukatar aƙalla giram 60 a rana, wasu likitocin sukan ce har 80. Dalili shi ne jikin da ke ramewa da sauri ba kitse kaɗai yake ƙonawa ba, har da tsoka, kuma wanda tsokarsa ta zube shi ne ke zama da kasala, nauyinsa kuma ya fi saurin dawowa.

Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Kofin madara ko kindirmo kamar 8. Giram 100 na dafaffiyar tsokar kaza kamar 30, na kifi 20 ko ɗan fiye, na dafaffen wake kamar 8. Ka lissafa za ka ga cika 60 da ƙaramin ciki aiki ne, dole sai an raba shi tun daga safe. Garin furotin na gwangwani yana taimakawa a farko, amma wanda ba shi da halin sayensa kada ya karaya. Madarar gari marar kitse da aka ƙara cikin kindirmo ko cikin romo tana cike gibi sosai.

Kilishi da tsire da balangu suna da furotin, sai dai busasshen nama yana da wuyar wucewa, ga yaji. A bar su sai bayan watanni. Naman da ya dahu cikin romo har yana rabuwa da kansa shi ne abokin tafiya.

Me ya sa aka hana ni shan ruwa a kan abinci?

Saboda wurin ba ya ɗaukar duka biyun. Ko dai ruwan ya cika ka kafin ka ci abin kirki, ko ya wanke abincin ya tura shi hanji da wuri, yunwa ta dawo bayan ɗan lokaci. A dakata minti 30 bayan an ci kafin a sha. Sauran yini kuma a riƙa kurɓa a-kai-a-kai har a kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Kwankwaɗa ta ƙare. A watannin zafi irin Maris da Afrilu wannan magana ba ta wasa ba ce, domin rashin ruwa a jiki yana cikin manyan dalilan da ke mayar da masu tiyata gadon asibiti. In fitsari ya yi duhu, kai na sarawa, ana ganin jiri in an miƙe, ruwa ya yi ƙaranci.

Lemon kwalba kuwa a yi bankwana da shi. Iskarsa na kumbura ciki, kuma kwalba ɗaya mai santilita 35 takan ɗauki sukari kusan cokalin shayi tara. Zoɓo, kunun aya da lemon citta na sayarwa su ma sukari ne fal. In ana so, a haɗa a gida ba sukari.

Na sha fura da nono da sukari, sai zufa ta keto mini, zuciyata na bugawa, na ji kamar zan suma. Mene ne wannan?

Wannan shi ne abin da likitoci ke kira damfin, wato abinci mai zaƙi ko maiƙo ya kwarara cikin ƙaramin hanji gaba ɗaya. An fi ganinsa bayan baifas, amma masu silib ma suna samu. Iri biyu ne. Na farko yana zuwa minti 10 zuwa 30 bayan ci: hanji ya jawo ruwa daga jini, sai murɗar ciki, tashin zuciya, gudawa, bugun zuciya da son kwanciya. Na biyu yana zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku: sukari ya hau da sauri, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sukari a jini, fiye da kima, sukarin ya faɗi ƙasa warwas. Alamarsa rawar jiki, zufa, rikicewar tunani da wata irin yunwa mai tsanani.

Na farkon, a kwanta a huta zai wuce. Na biyun, a ɗan sha abu mai zaƙi kaɗan don sukarin ya tashi, sannan a bi shi da abinci mai furotin. In yana maimaituwa, ko an taɓa suma, a je asibiti, musamman ga mai tuƙi. Akwai tarko a nan: yunwar da faɗuwar sukari ke kawowa tana sa mutum ya sake neman zaƙi, zaƙin ya sake kayar da sukarin, a yi ta zagaye ana zaton kwaɗayi ne.

Har yaushe zan yi ta shan bitamin?

Har ƙarshen rayuwa. Wannan amsa ba ta yi wa mutane daɗi, amma ita ce gaskiya. Abincin ya ragu, ruwan tumbi da ke narkar da sinadarai ya ragu, a baifas kuma an tsallake ɓangaren hanjin da ya fi tsotse sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Yawanci ana ba da ƙwayar bitamin haɗaɗɗiya kullum, da kalsiyam da bitamin D, da na ƙarin jini, da bitamin B12, wanda wasu asibitoci ke yin allurarsa duk wata uku. Kada a haɗa na ƙarin jini da kalsiyam lokaci guda, a ba su tazarar awa biyu, kuma kada a kora na ƙarin jinin da shayi. Mata masu al'ada su ne suka fi faɗawa ƙarancin jini.

Akwai abu guda da nake roƙon kowa ya riƙe. Bitamin B1 ba ya daɗewa a jiki, ajiyarsa ta mako biyu zuwa uku ce kawai. Mai tiyatar da ya yi kwanaki yana amai, komai ba ya zama a cikinsa, yana iya rasa shi, kuma rashinsa na taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: gani ya rabu biyu, tafiya ta zama tangaɗi, ƙafa ta mutu, tunani ya rikice. Wani lahanin ba ya gyaruwa. Kada a zauna gida ana jiƙe-jiƙe. A tafi asibiti, a faɗa musu an yi tiyatar rage ƙiba, a kuma tuna musu batun B1 kafin a ɗaura ƙarin ruwa mai sukari, domin sukarin na iya tsananta matsalar.

Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak, waɗanda ake saya a kyamis ba takarda, suna haddasa gyambo a wurin ɗinki, musamman bayan baifas. Haka ma taba sigari da shisha.

Cikina a ƙoshe yake, amma raina bai daina son abinci ba. Me ke damuna?

'Yar uwa, babu abin da ke damunki wanda ba ya damun dubban mutanen da suka bi wannan hanya. Wuƙar likita a tumbi ta tsaya. Shekara ashirin ko talatin ɗin da kika yi kina huce haushi da abinci, kina rage dare da shi, kina lallashin kanki da shi ranar da aka ɓata miki rai, duk suna nan inda suke.

Yunwa biyu ce. Ta ciki tana zuwa a hankali, sa'o'i bayan an ci, kuma duk abin da aka ba ta za ta karɓa, ko dafaffen ƙwai ne. Ta zuciya kuwa faɗowa take yi kwatsam, kuma da sunan abin da take so take zuwa: cincin, alkaki, cakulan, soyayyen dankali. In kin ba ta ƙwai ba za ta karɓa ba. Sau da yawa in kika duba minti goma kafin ta zo, za ki tarar da dalilinta: wata waya da aka yi, wata baƙar magana, kaɗaici bayan yara sun yi barci, ko gajiya.

Wasu har kuka suke yi a watannin farko, su rasa dalili. Dalilin shi ne sun rabu da abin da ya daɗe yana rarrashinsu, kuma ba su sami madadinsa ba. Wannan baƙin ciki na gaske ne, bai kamata a yi wa mai shi dariya ko a ce ya cika son abinci ba.

Abin da ke taimakawa shi ne rubutu. Ki sami ɗan littafi, mako biyu kina rubuta abin da kika ci, da lokacin, da halin da zuciyarki ke ciki. Za ki ga abin yana da lokutansa da masu tayar da shi. Daga nan sai a shirya wa waɗannan lokutan tun kafin su zo: in bayan la'asar ne, ki sa tattaki a wannan lokaci, in tsakar dare ne, kada kayan maƙulashe su kwana a ɗakinki. Sha'awar kan yi sanyi in an jinkirta mata kamar minti goma sha biyar ana wani abu, alwala da nafila, kiran wata aminiya, ko fita tsakar gida. In kuma damuwar ta yi nauyi, barci ya ƙaurace, komai ya fita daga rai, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, a ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. Zuwa wurinsa ba ya nufin hauka.

Wai da gaske akwai jarabar abinci, kamar ta sigari ko ƙwaya?

Masana ba su gama daidaita baki a kan sunan ba, kuma har yanzu ba a sa ta a jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a hukumance ba. Wadda aka sa ita ce cutar zarin ci, wato mutum ya riƙa cin abinci mai yawa a zama guda yana jin ba ya iya tsayawa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da ita a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013. Amma tun 2009 Ashley Gearhardt da abokan aikinta a Jami'ar Yale suka fitar da wani ma'auni da ke gwada cin abinci da irin tambayoyin da ake yi wa mai shaye-shaye. Kana cin fiye da yadda ka yi niyya? Ka sha ƙoƙarin bari ka kasa? Kana ci gaba alhali ka san yana cutar da kai? Kana jin ƙunci da rashin sukuni in babu shi? Mutane da yawa cikin masu neman tiyata suna amsa e.

Ka lura, ba wanda ke jarabtuwa da dafaffen zogale ko kabewa. Abin da ke kama mutum shi ne wanda aka haɗa sukari ko fulawa da mai da gishiri a cikinsa: biskit, kek, askirim, fanke, soye-soye. Irin wannan haɗi yana taɓa hanyoyin jin daɗi na ƙwaƙwalwa da ƙarfi, su ne kuma hanyoyin da kayan maye ke bi.

Bayan tiyata alamomin sukan ragu sosai a shekarar farko ga mafi yawan mutane. Ga wasu kuma sukan dawo da sabuwar kama. Mutum ba ya iya cinye kwano, amma jin nan na "ba na iya tsayawa" yana nan, kuma bincike ya nuna masu wannan ji su ne nauyinsu ya fi dawowa. A ganina ko an kira ta jaraba ko an kira ta wani suna, mai fama da ita taimako yake bukata. Faɗa da gori an gwada su shekara da shekaru a kan masu ƙiba, ba su rage wa kowa ko kilo ɗaya ba. Abin da aka ga yana aiki shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam, tsara lokutan cin abinci, da raba gida da abin da aka san ba a iya tsayawa a kansa. Akwai wanda zai iya cin cincin uku ya rufe roba. Akwai wanda in ya buɗe sai ya ga ƙasanta. Na biyun nan gara kada robar ta shigo gidan.

Ba na cin abinci da yawa, ɗan tsince-tsince ne kawai, amma sikeli ya tsaya.

Tsince-tsincen nan shi ne babban ɓarawon tiyata. Ƙaramin ciki yana hana cin da yawa a lokaci ɗaya, amma ba ya hana cin kaɗan sau ashirin. Gyaɗa ɗan tafi a mota, biskit biyu a ofis, shayi mai madara da sukari sau uku, ɗanɗanon miya a madafa, ragowar abincin yara. Irin waɗannan suna narkewa a baki su zarce, ba sa tsayawa su ƙosar. Wani ma saboda nama na tokare shi sai ya gudu ya koma kansu, don su ba sa ba shi wahala.

A koma cin abinci sau uku a zaune, da ɗan ƙari sau ɗaya ko biyu wanda aka tsara tun safe. Komai a zuba a ƙaramin faranti. Ba a tsaye ba, ba daga cikin leda ba, ba ido na kan waya ba.

Na ji ana cewa jarabar tana iya komawa kan wani abu daban.

Akwai ƙamshin gaskiya. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2012, a kan mutum kusan 2,000, ya nuna masu matsalar shan giya kashi 7.6 cikin 100 ne kafin tiyata, suka kai 9.6 a shekara ta biyu, kuma abin ya fi yawa ga masu baifas. Babban dalilin a jiki yake: bayan tiyata, giya na shiga jini da sauri ta kuma yi ƙarfi fiye da da. Wanda ba ya sha kada ya ce maganar ba ta shafe shi ba. An ga irin wannan da magungunan kashe zafi masu sa maye, kuma mun san ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi a garuruwanmu, har gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Duk wanda ya taɓa sabawa da ɗayansu ya gaya wa likitansa tun kafin aiki. Wasu kuma sayayya ce ke kama su, ko caca ta waya. In ka ga wani abu ya fara zama maka mafaka irin yadda abinci ya kasance, ka yi magana da wuri.

Shekara biyu da aiki, nauyina ya fara hawa. Tiyatar ta lalace ke nan?

Ba lallai ba. Yawanci rama kan kai ƙarshenta tsakanin wata 12 zuwa 24, daga nan 'yan kilo su dawo, kuma wannan abu ne da aka sani. Yunwa kan farfaɗo, ciki kan ɗan saki. Abin dubawa shi ne hawan da ba ya tsayawa, ko dawowar ciwon suga da hawan jini.

Babban kuskure shi ne ɓuya. Mutum ya kashe miliyoyi, dangi sun sani, sai kunya ta hana shi komawa asibiti har abin ya yi nisa. Ƙiba cuta ce mai dawowa, kamar hawan jini. Ana iya gyara tsarin abinci, ana iya duba ko akwai matsala a aikin, yanzu kuma akwai alluran rage ƙiba irin semagulutaid da likita kan ƙara wa wasu bayan tiyata. Kada dai a saya da ka a intanet, kuma a guji shayin rage tumbi, wanda yawancinsa gudawa kawai yake sawa.

Yaya zan yi a gidan biki, ko in na je gaishe da surukai aka ajiye mini kwano?

Wannan yana da wuya ƙwarai, domin a wurinmu ƙin cin abincin mutum kamar ƙin mutumin ne. "Haba, ɗan wannan za ki ci?" "Ko abincin namu ne bai yi ba?" Ba dole ne kowa ya san an yi miki tiyata ba. Ya isa ki ce, "Wallahi Mama ya yi daɗi, likita ne ya sa mini doka, a zuba mini in tafi da shi." Ba uwar da za ta ji haushin a tafi da girkinta. In kwano ɗaya ake ci, ki nemi ƙaramin faranti ki ɗebi naki, don a cikin taro hannu na bin saurin na kusa da shi.

Masu gida kuma ku taimaka. Kada a riƙa ƙirga mata loma, kada kuma a riƙa cewa ta lalace ta koma kamar mai jinya. Mun taso muna ganin ƙiba alamar hutu ce, shi ya sa rama ke tayar wa iyaye hankali. A zaunar da su a yi musu bayani tun kafin aikin.

Zan iya azumin Ramadan?

Likitoci da yawa suna ba da shawarar a bar azumi a shekarar farko, saboda haɗarin bushewar jiki, faɗuwar sukari da gyambon ciki. Alƙur'ani a aya ta 185 ta Suratul Baƙara ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. A haɗa maganar likita da ta malami. Wanda aka ba izini, ya buɗe baki da ruwa a hankali da dabino ɗaya, ya yi sallah, sannan ya ci furotin. Ƙosai, soyayyen dankali da kunu mai sukari a kan cikin da ya wuni ba komai hanya ce ta damfin. A raba abinci ƙanana uku ko huɗu tsakanin magariba da sahur, ruwa a tsakaninsu, bitamin kuma kada a bari.

Gashina na zuba. Zai dawo?

Yakan fara wajen wata na uku, ya lafa kafin shekara, kuma yawanci yana dawowa. A cika furotin, a gwada jini a duba sinadarin ƙarfe da zinki, a sassauta kitso.

Yaushe zan iya ɗaukar ciki?

A jira wata 12 zuwa 18, har nauyi ya daidaita. A sani cewa haihuwa kan buɗe da wuri bayan rama, har ga matan da suka daɗe suna nema. Bayan baifas ƙwayar tazarar haihuwa ta haɗiya ba abin dogaro ba ce sosai, a tambayi likita wata hanyar. In ciki ya shiga, a gaya wa masu awo tun zuwan farko cewa an yi wannan aiki, domin gwajin suga da ake yi da ruwan sukari yana iya jawo damfin.

A ƙasar waje aka yi mini, ba ni da halin komawa. Wa zai riƙa duba ni?

Kafin ka baro can, ka karɓi rahoton aikin a rubuce: wane iri aka yi, ranar da aka yi, da magungunan da aka ɗora ka a kai. In ka riga ka dawo ba shi, ka nema ta waya ko imel. Sannan ka sami likita ɗaya a gida, a asibitin koyarwa ko wani babban asibiti, da masanin abinci, su buɗe maka fayil. Ana gwajin jini a wata na 3, na 6 da na 12, daga nan sau ɗaya duk shekara: yawan jini, sinadarin ƙarfe, B12, folik, bitamin D, kalsiyam, aikin hanta da na ƙoda. Mai ciwon suga ko hawan jini a sake duba magungunansa tun makonnin farko, domin adadin da yake sha a da yana iya yi masa yawa yanzu. Ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo yana iya zama tsakuwar matsarmama, wadda saurin rama ke haifarwa. Zazzaɓi da bugun zuciya da ciwon ciki ko na kafaɗar hagu a makonnin farko, baƙin bayan gida, aman jini, ko aman da ya wuce kwana ɗaya ba ya tsayawa, duk na zuwa asibiti ne a wannan ranar, da rahoton aikin a hannu.